Yarinyar Bakin Famfo

A garinmu, Tungar Gawo, duk wanda ya haura shekara saba'in ya san ƙarar babur ɗin Ilu Mai Hoto, kuma babu mai son ya ji ta tsaya a ƙofar gidansa. Ba wai Ilu mugu ba ne. Bawan Allah ne, ko kaza ta hau masa tabarma sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta. Abin da ya faru shi ne, tun da waya ta kashe masa kasuwa, kowa ya zama mai hoton kansa, sai Ilu ya koma bin tsofaffin abubuwa yana ɗauka kafin su tafi. Ganuwar da ta kusa zubewa, rijiyar da aka daina ja, karofin da babu sauran mai rini a bakinta, sai kuma mu. Ya ɗauki Sarkin Maƙera, bayan wata biyu aka yi jana'iza. Ya ɗauki tsohuwar ungozomar unguwarmu, ba ta ga damina ba. Mutane suka lura. Har ta kai in tsoho ya yi tari sau biyu a jere, sai jikokinsa su ce, "Baba, a kira Ilu ne?" An taɓa tare shi da maganar a wurin suna, ya ce, "Ni fa ba ni nake kiran mutuwa ba, rigan ta isowa kawai nake yi."

Shagonsa na nan kusa da tasha. Labulen da ya ɗauki iyayen 'yan zamanin nan a gabansa yana nan, mai zanen bene da jirgin sama, da kan tarho wanda bai taɓa haɗuwa da waya ba, da furen roba da ya girmi yawancin amaren garin. Yanzu fasfo kawai yake yi wa 'yan makaranta da maniyyata. Dukiyarsa ta gaskiya tana ɗakin baya: akwatunan ƙarfe cike da tsofaffin hotuna, da littattafan rubutu fiye da talatin, duk tarihin garin nan ne da hannunsa. Matarsa Lantana ta ce mini in gobara ta tashi ta san akwatunan zai fara fitarwa, sannan in da sauran lokaci ya leƙo ya tambaya ko tana ciki.

Ilu yana da doka ɗaya wadda ba ya karyawa. Ba ya rubuta magana a littafinsa a kan cewa ta tabbata sai an sami wani ya gaskata mai maganar, kuma wanin nan ba ɗansa ba, ba jikansa ba, mutum ne da yake wurin ya gani da idonsa. In babu, sai ya sa kalmomi biyu a gaban maganar: "an ce". Dagacinmu da kansa ya zaunar da shi ya ba shi labarin yadda kakansa ya kashe zaki a bayan gari, Ilu ya saurara da ladabi, ya yi godiya, ya rubuta "an ce". Shekara uku ke nan dagaci ba ya amsa masa gaisuwa da kyau.

To, ni ce zan faɗa hannun wannan mutumin.

Sunana Tasalla, amma rabin garin nan ba su sani ba. Ta-Famfo ake kirana, yara da manya, har a katin bikin jikokina haka ake bugawa. Ban taɓa zama a aji ba, da buhunan taki da kwalayen ashana na koyi haɗa baƙi bayan na haura arba'in. Shekara arba'in ina sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ba a taɓa cuta ta a mudu ba, ni ma in na cuci wani bai gane ba. Ni ce wadda in an yi ba daidai ba a gidan biki nake faɗa a gaban kowa. Na faɗi wannan ne don ku san akwai mutane da yawa a garin nan da suka daɗe suna jiran ranar da zan zame.

Asalin sunan Ta-Famfo kuwa, shekarar da aka kawo mana famfo na farko ina da kamar shekara goma. Labarin da nake bayarwa shi ne, manya sun zo daga lardi, aka taru a bakin kasuwa, aka ce a sami yarinya ta fara tara tulu, duk yara suka noƙe don tsoro, ni na ratsa taro na ajiye tuluna, ruwan famfo na farko a Tungar Gawo a tuluna ya sauka. Ina wurin, wannan gaskiya ne. Da tulu na je, wannan ma gaskiya ne. Daga nan ne labarin ya ɗan yi kwana. Yarinyar da ta tara tulu Hansai ce, 'yar gidan Wanzam, kuma ta rasu tun a haihuwar fari, Allah ya jiƙanta.

Ban ɗauki labarin da niyyar sata ba, aro na yi. A gidan aurena na wani gari, dangin mijina suka dame ni da cewa mu 'yan ƙauye ne masu shan ruwan kududdufi. Rannan na ce musu garinmu ya riga nasu famfo, ni ce ma na buɗe shi. Suka yi shiru, shirun ya yi mini daɗi. Da na dawo gida bayan rasuwar maigidan, shekara talatin sun wuce, na tarar masu iya ƙaryata ni sun ragu, na gwada labarin a wurin wani suna, ya zauna daram. Sauran kuma suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa yi wa kowa fatan mutuwa ba, Allah shaida ne. Amma akwai gaisuwar mutuwar da na dawo daga ita na ji labarina ya ƙara ƙwari.

Wata safiya, saura wata guda babbar Salla, na ji babur ɗin ya tsaya a ƙofar gidana. Na taɓa ƙirjina, na ji lafiya lau nake, na ce ya shigo.

Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Iya, na zo miki da albishir."

Na ce, "In hoto za ka ɗauke ni, tashi ka tafi. Ban gama aurar da jikokina ba."

"A'a Iya, an riga an ɗauke ki, tun kafin a haife ni."

Ya zaro wani hoto daga ambulan, ya yi ja don tsufa. Wai a cikin akwatin wani tsohon akawun En'e, hukumar sarakuna ta da, jikokinsa suka tsince shi, suka kawo masa. Hoton ranar buɗe famfo ne. Ya ce ƙungiyar 'yan asalin gari za ta yi taro washegarin Salla, duk 'yan Kano da Kaduna da Legas za su zo gida, za a jera tsofaffin hotuna a bangon ɗakin taro, wannan ne zai zauna a tsakiya, da sunan kowa a ƙarƙashi.

Na karɓa na duba. Ga manya da manyan riguna, ga famfo, ga yarinya ta sunkuya da tulu. Ta ba mai hoto baya. Fuskarta ba ta fito ba ko kaɗan. Ban san lokacin da na ce alhamdulillahi da ƙarfi ba.

Na ce, "Ni ce. Ka ga ma yadda nake ɗaura zani, har yau haka nake yi."

Ya ce, "Ma sha Allah. To Iya, saura shaida."

"Shaidar me? Kai Ilu, ni na yi wa uwarka rakiya ɗakin miji. Garin nan kaf wa bai san Ta-Famfo ba?"

"Kowa ya sani, Iya. Na tambayi mutum goma sha ɗaya, duk sun sani. Da na ce a ina suka ji, sai kowa ya ce a bakinki."

"To bakina najasa ne?"

"Subhanallahi, ba haka ba ne. Doka ce kawai. In ba a samu ba, ba komai, sai in sa 'an ce'."

An ce! A bango, washegarin Salla, a gaban surukaina da 'yan Legas masu ɗaukar komai a waya. An ce Ta-Famfo ce. Ni da na yi wa dagaci dariya har na ƙware da goro.

Ya buɗe littafinsa ya ce ya bincika, cikin waɗanda suke wurin ranar, mutum biyu suka rage a duniya, ni da Dela ta Unguwar Majema. Ya ce nan da mako biyu, ranar Asabar, zai je wurinta.

Dela ƙawata ce tun muna tallan gyaɗa. Shekara biyar ke nan da idonta ya rufe, tana zaune a gidan 'yarta. Rabona da ita kuwa shekara biyu, tun ranar da ta ce a gaban mutane man gyaɗata ta fara wari. Na zauna na yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Mace ta tsufa, ba ta gani, haƙora sun zube, me take so a duniya? Na sa aka kama mini kazar da ta fi kowace ƙiba, na yi farfesu har naman yana rabuwa da ƙashi, na ɗauka da kaina.

Ina yin sallama ta ce, "Muryar Tasalla nake ji? Wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu."

"To wa zai mutu? Ke ba kya zuwa haka kawai."

"Zumunci ne ya kawo ni, 'yar nema. Karɓi nan."

Ta shanshana kwanon, ta yi bisimilla, ba ta ajiye kwanon ba sai da ta suɗe shi. Sannan na matso na ce, "Dela, kina tuna ranar buɗe famfo?"

Ta ce, "Famfo... famfo. Kin san kaina yanzu sai a hankali. Kamar an yi wani abu haka."

"Kin tuna aka ce yarinya ta fito, duk kuka noƙe, na fito?"

"Kika fito?"

"Na fito. Da tuluna."

"Tulun dai ina ɗan ganin sa. Sauran ya yi duhu. Amma kin san romon nan da na sha, kamar ya ɗan buɗe mini wani wuri a kaina."

Na san ciniki in na gan shi. Bayan kwana biyu na koma da wata kazar. Ta tuna an yi taro. Na koma da dambun nama, ta tuna an yi rana sosai. Na kai fura da nono mai kyau, ta tuna ina wurin. Na yanka zakaran da nake tanadi don baƙin Salla, ta ce yanzu kam tana ganin komai tar, kamar jiya aka yi. Kullum sai na maimaita mata, "In Ilu ya tambaye ki wa ya tara tulu, me za ki ce?" Ita kuma ta ce, "Ke dai kwantar da hankalinki. Duk abin da na tuna zan faɗa, ba zan rage komai ba." Ni da nake taƙama ba a cuta ta a mudu, na ji wannan magana na dawo gida ina murna.

Murnar ce ma ta sa na yi abin da ya fi komai wauta. Ranar Asabar na gayyaci matar babban ɗana, da jikokina mata biyu, da maƙwabciyata Indo wadda na san ta daɗe tana taɓe baki in ana kirana Ta-Famfo. Na ce su zo su ga yadda ake shiga tarihi. Matan gidan su Dela ma suka fito suka cika tsakar gida.

Ilu ya iso da hantsi. Ya wanke hoton ya yi girma kamar faifai biyu, ya zo da rikoda da littafi da wani gilashi mai hannu da yake ƙara girman abu. Ya gaishe da kowa, ya juyo gare ni ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, in shaida na magana mai magana ba ya sa baki."

Na ce, "Ni? Ko tari ba zan yi ba."

Ya ce wa Dela, "Inna, abin da za ki faɗa zai zauna bayan babu ni babu ke. Ki faɗi abin da idonki ya gani kawai."

Dela ta gyara zama. Matar da mako biyu da suka wuce ba ta tuna an yi famfo ba, sai ga ta tana zuba kamar rediyo. Ta ce ranar Alhamis ce. Ta ce Sarkin Kasuwa yana tsaye ta hagu, an riƙe masa lema mai yage a gefe ɗaya. Ilu ya kara gilashinsa ya ce, "Ga lemar, ga yagewar!" Ta ce akwai jakin Ɗan Gwari mai itace da ya ƙi matsawa, aka haƙura aka bar shi. Ilu ya ce, "Ga kunnuwansa!" Ta lissafa mutum bakwai a jere, wane kusa da wane, Ilu yana ta rubutu cikin jin daɗi. Ni kuma ina kallon Indo ina gyaɗa kai, wato kin ji irin shaidar da nake da ita.

Ilu ya ce, "To Inna, yarinyar da ta sunkuya da tulu a bakin famfo fa?"

Dela ta ce, "Hansai ce, 'yar gidan Wanzam. Allah ya jiƙanta, yarinya mai ƙarfin hali."

A duk tsakar gidan, wata akuya ce kawai ba ta san abin da ake ciki ba. Na ji matar ɗana ta ja numfashi, Indo kuwa ta gyara mayafi ta matso gaba.

Na yi tari. Dela ta ce, "A ba Tasalla ruwa." Sannan ta ci gaba, "Amma ɗan nan, kada a zalunce ta. In dai mai hoton nan ya iya aikinsa, tana ciki. Duba can ƙarshe ta dama, wajen gindin durumi."

Ilu ya kai gilashi can gefe, inda ni ban ko kalla ba ranar da ya kawo mini hoton. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, idonsa har ya kawo ruwa.

"Allahu akbar! Inna, mako uku ke nan ƙafar nan ta hana ni sakat! Shafi guda na ware mata a littafi!"

Ya juyo da hoton kowa ya gani. A bakin hoton, can ƙarshe, ga ƙafa ɗaya ta yarinya ta dafe ƙasa, ta fito sosai har da ɗan munduwa. Sauran jikin kamar hayaƙi, rabi ma ya riga ya fice daga hoton. A bayanta ga tulu a ƙasa ya rabe biyu.

Dela ta ce, "Ita ce. Kakarta ta gaya mana akwatin hoto jinin mutum yake zuƙewa. To mai hoto ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, daidai lokacin aka murɗa famfo, shi kuma kafin ya kawo ruwa sai ya yi tari sau uku kamar tsohon maƙeri. Tasalla ta ƙwalla ihu ta ce aljani, ta yar da tulun uwarta, ta bi ta kan tallan wata mai daddawa. Sai la'asar aka same ta cikin rumbun kakarta, dawa har wuya."

Jikokina suka tusa fuska a cinya, kafaɗunsu na rawa. Indo ba ta ma wahalar da kanta da ɓoyewa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Ilu ba dariya yake ba. Murna yake tsakaninsa da Allah. Ya ce, "Iya, wallahi kin fi kowa daraja a hoton nan. Yarinya da tulu ana samu a kowane gari. Amma yadda mutanenmu suka ji a ransu ranar da suka fara ganin famfo, ke kaɗai kika nuna shi. Zan zagaye ƙafar da jan alƙalami in ja kibiya, don kada 'yan taro su wuce ba su lura ba."

Na matsa kusa da Dela na rage murya na ce, "Kajina fa, muguwa? Har da zakaran Salla."

Ita ba ta rage tata ba. "Sun yi daɗi, Allah ya saka. Da ba don su ba ai da ban tuna rumbun ba."

Na ga Ilu ya buɗe sabon shafi ya rubuta sunana, na yanka, babu "an ce" a gabansa. Na karanta da idona, ranar ce kaɗai na yi da-na-sanin koyon karatu. Na miƙe tsaye, na ɗaure gyale a ƙugu kamar yadda nake yi in za a yi ta a gidan biki.

Na ce, "Kai Ilu, ajiye alƙalamin nan! Kai da kake taƙama da doka, a wace ƙasa aka taɓa karɓar shaidar makauniya a kan hoto? Matar nan ko tafin hannunta ba ta gani!"

Dela ta juyo da fuskarta daidai inda nake, ta ce, "Ni shekara biyar ke nan da na daina gani, Tasalla. Ke kuwa shekara sittin kina ba mutane labarin abin da kika gani da ƙeya."